Farin Ƙuda a Lemon Kawu Lawal

Kawu Lawal na Saulawa bai taɓa zuwa suna da turmin atamfa ba. Dashen lemo yake kaiwa a leda, ya haƙa rami da hannunsa, ya ce na jariri ne. Shekara ashirin yana haka, har itatuwansa suka kai Nasarawan Doya da Kudan, kowanne ana kiran sa da sunan yaronsa.

Bara waccan ya sayi sabon irin lemo wajen wani mai mota, ya jera cikin nasa na lambu. Ba a jima ba ganyen lambunsa ya yi baƙi kamar an shafa bayan tukunya, ga danƙo, ga tururuwa. Ya juya ganye, sai ga wani abu fari kamar auduga. Ya ɗauka farin ƙudan tumatir ne, ya yi feshin da ya saba, a banza.

Malamin gona ya duba ya ce, "Baba, danginsu ɗaya da na tumatir, amma wannan na lemo ne. A jikin dashe aka fi kai shi gari. Ƙananan da suka kamu sosai, a tuge a ƙone."

Ranar Kawu bai iya cin tuwo ba. Dashe goma sha ɗaya ya raba tun zuwan irin nan. Ya hau kekensa yana bin gidajen, yana ba da haƙuri, yana tugewa. Wasu suka ce ba komai, wasu suka gaishe shi a tsaitsaye.

Gidan ƙanwarsa Lantana a Kudan ya bari ƙarshe. Jikanta Zayyad ya rasu yana wata bakwai, lemonsa kuwa ya kai ƙugu. Kawu ya juya ganyen. Fari fat.

"Lantana, ni na kawo miki cutar nan. An ce a tuge."

"Wa ya ce?"

"Malamin gona."

"Shi ya yi wa yaron wanka? Yaya, ajiye fartanyar nan."

Ya ajiye. Ta kawo bokiti da sabulu, suka durƙusa suna wanke ganyen ɗaya bayan ɗaya har la'asar.

Duk Asabar yanzu yana Kudan da tsummansa. Ƙudan yakan ragu ya dawo, ya kuma tsallaka zuwa lemon maƙwabta. Sun yi masa magana sau biyu. Har yau bai tuge ba.