Rahila Ba Ta Yi Shiru Ba

Shekara tara ke nan da muka binne yayata Rahila a Tawa, kuma ba a taɓa tashi daga taron tunawa da ita ba sai wani ya miƙe ya ce, "Baiwar Allah, ko wash ba ta taɓa cewa ba." Na daɗe ina haɗiye wannan yabo don girman majami'a. Bana na daina, domin ba gaskiya ba ne, kuma ya fara cutar da mai rai.

Rahila tela ce. Tun da aka yi mata aiki a ƙashin baya, ciwo bai sake ta ba har ta koma ga Ubangiji. Ni na yi jinyarta, na sani. Ta faɗi ciwonta, ta kuma faɗe shi daidai, domin a makarantar mishan da muka yi ba a karɓar rabin amsa. Idan maƙwabta suka gaishe ta da jiki takan ce da sauƙi, don ladabi. A gaban likita kuwa yatsa take ɗorawa a wurin, ta ce da safe suka yake yi, da marece zafi ne mai sauka har diddige. Da wani magani ya riƙa sa ta gyangyaɗi a kan keken ɗinki, ba ta jefar da shi ba, ba ta kuma nemo wani da kanta ba. Komawa ta yi ta ce a sake dubawa. Ta koyi tashi daga keken tun ciwon bai iso ba, ta taka zuwa ƙofar gida ta dawo, ko da amarya na tsaye tana jiran kayanta. Da haka ta riƙe sana'arta.

Yanzu ga ɗiyarta Saratu, wadda aka yi wa aiki a gwiwa bayan ta faɗo daga babur. Matan zumunta suka yi ta zuwa dubiya suna ce mata ta yi koyi da uwarta, ita kuwa ta rufe bakinta. Ta daina zuwa wurin mai motsa gaɓɓai don kunyar yin ƙara a gaban mutane, gwiwar ta soma sandarewa. Ranar da na je, ƙwayar tiramol ta ƴan talla na tarar a ƙarƙashin matashinta.

"Inna, don Allah kada ki gaya ma kowa," in ji ta. "Mama ta jure abin da ya fi wanga."

Na ce, "Wa ya gaya miki? Uwakki sai da likita ya gane takunta tun daga waje. Tashi ki ɗaura kallabi, asibiti za mu."

Da Rahila za ta ga yadda ake tallar maganin ciwo a faranti a tashar mota, da ranta ya ɓaci. Da za ta ga an mayar da sunanta takunkumi a bakin ɗiyarta, da ta kori masu dubiyar da tsintsiya.

Ban ce gwiwar ta warke ba. Amma likita ya tsara yadda Saratu za ta rabu da ƙwayar sannu a hankali, ta koma motsa ƙafar, tana yin ƙara son ranta, ƙafar kuma ta fara lanƙwasuwa. Keken ɗinkin Rahila ya yi tsatsa, tufafin da ta ɗinka sun ƙare. Abin da ya rage nata shi ne bakin nan, wanda Saratu ta gada. A makon jiya mijin Saratu ya kawo mini ƙara, wai matarsa ta cika mita. Na ce masa ya je ya gode wa Allah.