Ɗakin Baya na Mai Inji

Mai aski yana tsakiyar gyara wa wani gemu, saƙo ya shigo wayarsa daga surukar Mai Inji: "Baba ya rasu da safe." Ya ajiye almakashi ya zauna, ya bar mutum da rabin gemu.

Shekara arba'in suna abota, shago na kallon shago. Mai Inji mutum ne mai barkwanci, kullum fari fat da gari har gashin ido. Ƙarar injin niƙan ce ta cinye masa kunne a hankali. Da ji ya tafi, sai ya daina zuwa hira a bencin mai aski, don an mai da shi abin dariya. A yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya ba da wata amsa daban, a kwashe da dariya. Mai aski ma ya yi dariyar, ba sau ɗaya ba.

Daga nan mantuwa ta shigo. Ranar da Mai Inji ya kasa gane hanyar gida, babban ɗansa ya kai shi asibiti, mai aski ya raka su. Likita ta ce cutar ba ta warkewa, amma ana iya rage mata gudu: ya riƙa shan maganin hawan jini, a sa masa na'urar ji, kada a bar shi shi kaɗai.

A hanya ɗan ya ce, "Na'ura kuma? In ya ji ma, me zai gane?" Iyalin suka rufe shagon niƙan, suka mai da Mai Inji ɗakin baya kusa da bayi, suka sa kwaɗo, wai kada ya fita ya ba su kunya a titi.

Mai aski ya roƙa a bar shi ya riƙa kai shi benci. Ɗan ya ce, "Kawu, ka tsaya a askinka." Sai ya koma tsayawa a bakin taga duk mako, yana magana da ƙarfi ta tsakanin ƙarafa.

A zuwansa na ƙarshe, Mai Inji ya daɗe yana kallon sa.

"Kai ne mai askin nan mai yanke wa mutane kunne?"

"Ni ne, ɗan'uwa."

"To buɗe min mana, mu je benci."

"Gobe. Gobe zan karɓo mabuɗin."

Mai Inji ya saki ƙarfen tagar. "Wancan zuwan ma gobe ka ce min."