Konrod Na Shida

Ni mace ce mai zargi, na sani, ba sai an gaya mini ba. Ko tumatir aka aiko mini daga kasuwa sai na juye kwandon na ga na ƙasa. Da mijina ya rasu ya bar mini 'ya'ya huɗu da babbar mota guda, mai ɗaukar hatsi da shanu daga Babura zuwa Kudu, sai halin nan ya ninku. Motar ta marayu ce, da ita ake ci, da ita ake zuwa makaranta. Ƙaninsa ne ya karɓi tuƙin, don tun yayansa na raye tare suke tafiya. Mutum ne marar magana, ni kuwa mai shiru-shiru bai taɓa kwanta mini a rai ba.

Wata rana da hantsi ya kira ni daga hanyar Gwiwa, ya ce injin ya buga. Aka jawo motar zuwa nan garinmu Kazaure, garejin wani tsohon bakanike da muke kira Baba, wanda shi ke duba ta tun ranar da aka saye ta. Bayan kwana biyu ƙanin mijina ya zo gida, ya zauna a bakin tabarma, ya ce konrod ya karye.

Na ce, "Mene ne kuma konrod?"

Ya lanƙwasa hannunsa ya nuna mini. Wai wani ƙarfe ne kamar damtse, shi ke tura sandar da ke juya inji, kuma guda shida ne a ciki.

"Nawa suka karye?"

"Ɗaya, Yaya. Amma Baba ya ce shida za a saya."

Kai! Ɗaya ya karye a sayi shida? Ni za a mayar sakarya? Na ce masa da marigayi ne da bai kawo mini wannan zancen ba. Wannan kalma kullum tana bakina a lokacin. Ya sunkuyar da kai, ni kuma na ɗauki hijabina na hau acaɓa sai gareji.

Na tarar Baba ya shimfiɗa buhu ya jera kaya iri biyu da wani mai sayarwa ya kawo daga Kano. Ga sababbi fil a kwali, suna ƙyalli. Ga kuma 'yan Beljiyam, tsofaffi da aka ciro daga wani inji, duk sun yi duhu. Wai waɗannan masu duhun Baba yake so. Nan take zuciyata ta ce akwai la'ada a ciki.

Na ce, "Baba, ga sabo a ajiye, me za mu yi da kwance?"

Bai ji haushi ba. Ya ɗauki sifana ya ƙwanƙwasa wannan, ya ƙwanƙwasa wancan, ya ce in saurara. Ni ban ji wani bambanci ba, ƙarfe dai ƙarfe ne. Ya nuna mini lambar da ke jikin kowanne da ta murfinsa, ya ce dole su zo ɗaya. Sannan ya ce, "'Yata, injin nan kaya masu nauyi yake ja. Idan mata shida na daka a turmi guda, taɓaryar ɗaya ta fi sauran nauyi, ai kin san dakan ba zai tafi daidai ba. Shi ya sa ba a sa bare a cikinsu."

Magana ta yi daɗi, amma ni daɗin magana ba ya sa in yarda. Na koma gida na ɗauko sikelin da nake auna fulawar cincin da shi. Direbobi na zaune a inuwa suna dariya, na bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya na auna. Masu ƙyallin nan kowanne da nasa nauyin. Masu duhun kuwa kamar tagwaye, allurar ba ta gusa ba. Na ji kunya, amma ban nuna ba. Na ce to a sa su, sai dai tsofaffin namu a kawo mini su gida, duka.

Ina da dalilina. Marigayi ma ba ya yarda da mutane, shi ya sa muka daidaita. Duk ƙarfen da ya shiga motarsa sai ya sa ƙusa ya buga masa ɗigo uku, don kada a musanya masa a hanya.

Washegari ƙanin mijina ya sauke mini buhu a tsakar gida. Na zazzage, na goge baƙin man da tsumma. Biyar, kowanne da ɗigonsa uku.

"Ina na shidan?"

"Ai ya karye, Yaya. An yar."

An yar? A zamanin nan da 'yan gwangwan ke bin gida-gida suna sayen ko murfin tukunya? Kuma yana faɗa yana kallon bango. Shi ke nan, na gama haɗa labarina. Ya cire lafiyayyen a wani gari ya sayar, ya sa ruɓaɓɓe, shi ne ya fasa mana inji. Yanzu yana ɓoye shi don ya san ba ɗigo a jikinsa. Kwana uku ina juya abin, kullum sai ya ƙara zama gaskiya a raina.

Ban tsaya wata-wata ba, na tafi Roni wajen kawunsu, babban gidan, na kai ƙara. Na ce ana cin dukiyar marayu. Da bakina na faɗi haka, a gaban matansa.

Kawu ya zo Kazaure ranar Juma'a, aka zauna a zaurenmu bayan la'asar. Ƙanin mijina na gefe, kansa a ƙasa. Sai ga Baba ya yi sallama da wani abu a naɗe cikin tsumma. Ya ce, "Ni na ce a bar shi a wurina. Amma tunda abin ya kai ga sunan sata, ga shi."

Gutsure biyu ne. Wajen karayar ya yi baƙi-baƙi da shuɗi, alamar an taɓa gasa shi a wuta. Na juya shi da hannuna. Ɗigo uku, ras.

Baba ya ce konrod ɗin ya taɓa lanƙwashewa tun mai motar na da rai. Baba ya hana a mayar da shi, ya ce a sayi wasu, marigayi ma ya yarda har ya tanadi kuɗin. "Sai aka kira shi aka ce an wuce da ke Kano, haihuwa ta gagara, sai an yi aiki. Ya tafi da abin da ke hannunsa. Da ya dawo ya ce in gasa in miƙe, zai canja in ya samu sarari. Ya roƙe mu kada ki ji, don ya san ki, za ki ce saboda ke ne. Sararin bai samu ba, ciwo ya riga shi."

Autata ce aka ciro a wannan aikin. Tana tsakar gida a lokacin, ina jin muryarta.

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na juya ga ƙanin mijina na ce, "To kai da ka sani, me ya hana ka canja shi?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Sau biyu na ce miki a sauke inji a duba, Yaya. Kika ce hanyar ci nake nema."

Wallahi na faɗa. Na tuna har inda nake tsaye.

Shi ya tsaya aka ɗaura injin. Ya yi lodin gero a Babura, ya kai Kudu ya dawo lafiya, don ya tabbatar motar ta zauna. Sannan ya zo ya ajiye makulli a kan tabarma. Na ba shi haƙuri, na yi kuka, na turo Kawu. Ya ce, "Ba komai, Yaya," kuma ya tafi. Yanzu motar wani yake ja. Yana zuwa duba yara, yana kawo musu tsaraba, amma a zaure yake tsayawa.

Tamu motar wani baƙo ke tuƙa ta, kuma duk abin da ya ce ya lalace, sai in ce to. Gutsuren nan biyu suna cikin akwatin kayan marigayi, ƙarƙashin rigunansa. Rannan autata ta gan su ta tambaye ni ko mene ne, na ce mata ƙarfen Babanta ne.