Akwati na Huɗu Yana Hannuna, Malama Tsang

Ranar Talata, huɗu ga Maris, Malama Tsang Mei-Kuen ta rasu a gidanta da ke birnin Georgetown, tana da shekara saba'in da tara. Ni Lau Kam-Shui, shugaban masu girki a gidan abinci na shekara ashirin da biyu, ni na rubuta wannan da kaina.

Malama, na zo ajinki na koyon Turanci ina da shekara hamsin da takwas, ban san harafin Turanci ko ɗaya ba. Kika ga yadda na damƙe fensir, kika ce, "Babban Kuku, ba wuyan agwagwa ba ne. Sassauta." Aji ya yi dariya. Ni ban yi ba, amma na sassauta.

Kowace kalma kati guda kike yi mata. A gaba ma'anarta da Sinanci, a baya inda ake faɗarta da inda ba a faɗa, da jimlar da kika ji da kunnenki a kasuwar Bourda. Da katinki na gaya wa likita cewa ƙirjin matata suka yake yi, ba ƙuna ba, ya kwantar da ita a asibiti a ranar. Shekara talatin kina wannan aiki, katunan suka cika akwati huɗu.

Kwana bakwai da rasuwarki, ɗanki Desmond ya hura wuta a tsakar gida don ya aika miki da kayanki lahira, bisa al'adarmu ta ƙona wa mamaci kayansa. Riguna da takalma ba ni da ja a kansu, ni ma haka na yi wa mahaifina. Amma ko da na isa, akwati uku sun zama toka.

Na ce, "Desmond, da wa za ta yi Turanci a can?"

Ya ce, "Kawu Lau, kayanta ne. Ai yanzu komai yana cikin waya."

Mutumin da ya buɗe ido da Turanci a bakinsa, wanda bai taɓa tsayawa gaban likita kamar bebe ba, shi ke gaya mini haka. Na sunkuci akwati na huɗu na fita. Dattawan ƙungiyarmu ta Sinawan garin nan, waɗanda suka tsaya suna kallon wutar ba su hana ba, sun aiko sau biyu wai na tauye haƙƙin mamaciya. Mutum goma sha ɗaya da ke ajinki na Lahadi, waɗanda ko takardar magani ba su iya karantawa ba tukuna, su ba su da haƙƙi?

Ba zan mayar ba. Ina kwafe katunan, biyar kowace rana, ajin kuma ni zan riƙe shi. Ranar da na gama, ni zan ƙona miki naki. Lissafina ya nuna shekara biyu. Ki jira ni.

Allah ya jiƙan ki, ya yi miki rahama, ya sanyaya makwancinki. Ina miƙa ta'aziyya ga ƙanwarki Sui-Lan da jikokinki. Desmond ma ina yi masa, domin ɗanki ne. Allah ya ba shi haƙuri, ni ma ya ba ni, don har yau ban samu ba.