Murya ta Huɗu Tana Beri

Da damunar nan Yaya Isuhu ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Ni ƙanwarsa ce, kuma a makarantar firamare ɗaya muka koyar a nan Kontagora, shi yana lissafi da waƙa, ni ina fama da 'yan aji ɗaya. Mutane suna tuna tsayinsa da farar rigarsa da ba ta rabuwa da guga. Ni kuwa muryarsa nake ji a ƙofar ɗakina bayan sallar asuba, yana cewa in fito kafin rana ta riga mu.

A kwalejin horar da malamai ya koyi rubuta waƙa da do, re, mi, alamomin da ke nuna inda murya za ta hau da inda za ta sauka. Da su ya rubuta wata waƙar safiya mai murya huɗu, wadda malamai da ɗalibai muke yi tare a filin makaranta. Ya gina ta yadda gari ke wayewa. Murya ta huɗu, mai kauri, ita ke farawa ita kaɗai can ƙasa, tana cewa duhu ya naɗe tabarmarsa. Sai ta uku ta shigo, wadda Yaya ke ja da kansa, sai tawa ta biyu, a ƙarshe 'yan mata su tashi da siririyar ta farko. Na sha ganin mata masu zuwa kasuwa sun sauke kaya a bakin katanga har sai mun gama.

Akwai abu biyu da ba a tanƙwara shi a kansu. Ba ya yarda a yi waƙar in rana ta ɗaga, ko da manyan baƙi ne suka roƙa. Sannan bai taɓa rubuta muryoyin huɗu a takarda ɗaya ba. Kowace murya da takardarta, kowace takarda da mai riƙe da ita. Mun ce masa wannan wahalar da kai ce, ya ce wanda ya mallaki waƙa gaba ɗaya ba zai ƙara neman kowa ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki, Malam Audu ya ba takarda ta huɗu. Malamin aikin gona ne, kuma shi da Yaya ko kan yadda ake dafa shayi ba su taɓa yarda da juna ba. Da na tambayi Yaya dalili sai ya yi dariya.

"In na ba abokina, me na ƙara? Wannan kuwa ko mun kwana da faɗa, dole in je in gaishe shi da safe, don ba shi ba waƙa."

Bayan rasuwarsa waƙar ta yi ta ja da baya. Malam Audu ya yi ritaya ya koma gonarsa a Beri, ni ma na ajiye alli. Yanzu da safe waya ake jona wa lasifika, yara su bi. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Na san zai karɓi wayar ya yi ta jujjuya ta, don mutum ne mai son sanin sabon abu. Amma zai tambaya wa yaran nan ke saurare in suna waƙa, tunda ba sa sauraren juna.

A farkon shekarar nan Malama Hauwa ta zo gidana. Tana cikin 'yan matan murya ta farko a da, yanzu ita ke koyarwa a makarantar, kuma tana so ta dawo da waƙar. Ta samo takardar 'yan mata, matar Yaya ta ba ta tasa, na ɗauko tawa daga ƙasan akwati. Ta huɗu ce babu. Sun gwada haka nan, waƙar ta fito kamar ɗakin da aka fara daga rufi. Wani saurayi mai situdiyon ɗaukar waƙa ya ce zai haɗa musu sabuwa da kwamfuta, kuma Hauwa ta gaya min gaskiya, in ba a samu ta asali ba kafin hutu za ta karɓa. Ban ga laifinta ba, amma raina ya ƙi. In aka canza farkon waƙar, ta tashi daga ta Yaya.

Ni da Hauwa muka shiga mota sai Beri. Mun tarar da Malam Audu a gindin mangwaro, ya tsufa, idanunsa sun yi rauni, bakin dai yana nan yadda na san shi. Bayan gaisuwa ya ce gara ta cinye takardar tun tuni, kuma a ganinsa garar ta fi mu sanin darajarta. Na tambaye shi ko yana tuna wani abu daga ciki. Ya ɗaga kai ya dubi rana.

"Yanzu, Malama? Ke ma kin san ba a yi."

Dole muka kwana a ɗakin matarsa. Da ya dawo daga masallaci gabas ta fara ja, ya tsaya a tsakar gida, ya yi gyaran murya, ya fara. Muryar ta yi rawa, amma ko gaɓa ɗaya bai ɓata ba. Da aka zo inda Yaya ke shigowa na sunkuyar da kai, don na san shiru zan ji. Sai na ji Malam Audu ya bar tasa ya hau ta ukun, har da ɗan jan numfashin da Yaya ke yi kafin ya ɗaga. Na kasa shiga da tawa, kuka ya riga ni.

Hauwa ta tambaye shi yadda aka yi ya iya muryar da ba tasa ba.

"Shekara da shekaru ina kasa kunne in kama shi da kuskure, 'yata. Ban kama ba."

Ya yarda zai koyar, amma da sharaɗi. Ba za a haɗa huɗun a takarda ɗaya ba, kuma mai son ta huɗu ya zo Beri da ƙafarsa ya kwana. Hauwa ta dube ni ko zan sa baki, ban sa ba. Wani matashin malami ne ke zuwa yanzu a ƙarshen mako, an ce kullum sai sun yi gardama.

Yaya bai bar gini ba, bai bar gona ba, takardunsa ma gara ta ci rabonta. Ya bar mana waƙar da mutum ɗaya ba zai iya yi ba, ya kuma ajiye muryarsa a bakin mutumin da ya fi kowa musu da shi. Jiya da sassafe na bi ta bayan makarantar da gangan. Can ƙasa na ji wata murya mai kauri tana sallamar duhu, sai na sauke kwandona a bakin katanga na jira wurin shigata.