Dakta Mawada, Wadda Ta Koma Ƙofa Ɗari da Casa'in

Ƙarfe shida da rabi na safe Dakta Mawada take fitowa daga gidanta a unguwar Faisal, a nan Masar. Takan tsaya bakin titi da farin mayafinta irin na matan Sudan, jaka a kafaɗa, ta ɗaga wa direban mikrobas hannu. Idan motar ta cika ba ta kokawa, takan jira ta gaba. A cikin jakar akwai tabarau biyu, jan biro, dabino a leda, da takardun wani ko wata da ta yi alkawarin karantawa. Kafin ta sauka ta riga ta ja layi a shafi uku ko huɗu. Shekara goma sha tara ke nan tana wannan zirga-zirga zuwa wata ƙaramar cibiyar binciken lafiya a Giza, inda ɗakinta ba shi da taga, sai tsohuwar fanka. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Ban ji ana shirin wani taro ba.

Bahaushiyar Sudan ce, haihuwar Mai Wurno, kuma likita ce, amma ta daɗe da barin zaman asibiti. Aikin da ta ƙare rayuwarta a kai ba kowa ya san akwai shi ba. Akwai gidauniyoyi a ƙasashen waje da ke ba da tallafin shekara biyu ko uku ga wanda ya karanta lissafi ko injiniyanci, in yana so ya juya iliminsa zuwa binciken cututtuka. Sharaɗinsu shi ne ka kawo babba a fannin lafiya wanda zai sa hannu cewa zai riƙe ka har ka gama. Manya da yawa kan sa hannun su manta da kai. Ita kuwa duk Talata bayan azahar tana zaune da 'ya'yanta, haka take kiransu, ko da mai furfura ne.

Dokarta ta farko duk sun san ta. Watan farko ba ka taɓa kwamfuta. Za ka ɗauki na'urar awon jini ka bi gidaje, ka ga fuskar mutanen da daga baya za su zama lambobi a gabanka. Nata'ala, wani ɗan Maraɗi da ya wuce ta hannunta, ya gaya mini sau bakwai ta dawo masa da takardar neman tallafinsa, kowane shafi ja wur.

"A na bakwai na ce, Dakta, wannan ai ba gyara ba ne, yanka ne. Ta ce, ya zol, bawan Allah, in yanka ka a nan cikin ɗakina ya fi su yanka ka a can gaban mutane."

Ya samu tallafin. Yau yana gida yana lissafa wa ma'aikatan lafiya watan da zazzaɓin cizon sauro zai fi tsanani a kowane yanki. Ya ce da ya sa sunanta a farkon rahotonsa, da kanta ta goge, ta mayar da shi ƙarshe.

Ni ba ɗalibinta ba ne. Sunana Sagiru. Karatu ya kawo ni Alƙahira, na bar shi a shekara ta biyu, na koma raka 'yan kasuwarmu sari a kasuwar Ataba. Na san ta ne ta hanyar Anti Husseina, 'yar Zariya mai digiri na uku a lissafi, wadda ta ajiye aikin koyarwa don ta bi wannan hanya. Tallafinta na binciken hawan jini ne a tsakanin baƙi 'yan Afirka da ke zaune a unguwannin Ardul Liwa da Faisal. Tana buƙatar masu jin Hausa da Larabci waɗanda suka san lungu, sai ta ɗauke mu mu huɗu.

Dakta ce ta koya mana aikin. Ka shiga, ka yi gaisuwa, mutum ya zauna ya jingina, ƙafafunsa a ƙasa. Minti biyar ba magana, ba waya. Sannan ka auna sau uku, da minti ɗaya a tsakani, ka rubuta kowanne a takarda.

"Minti biyar, ya waladi, ɗana," ta ce tana kallona. "Na ga ƙafarka tana rawa tun da ka zauna."

Muka yi dariya. Sati biyu na bi dokar. Daga nan na fara auna mutum sau ɗaya, wani lokaci yana tsaye a bakin ƙofa, wani lokaci ta kan hannun riga. Sauran awo biyun kuma in sauko in zauna a gidan shayi in cike su daga kaina. Abokan aikina suna yin gida takwas a rana, ni ina yin goma sha huɗu. Anti Husseina har yabona take yi. Cikin mutum ɗari shida da aka auna a shekarar farko, ɗari da casa'in nawa ne.

Saura sati uku Anti Husseina ta aika rahoton shekara, wanda a kansa gidauniya za ta yanke ko ta ci gaba da tallafa mata, aka kira ni zaman Talata. Na tarar da Anti Husseina idonta ja. Takarduna a jibge a kan tebur.

"Zauna, Sagiru," in ji Dakta. Ta miƙo mini dabino. "Husseina, gaya masa abin da kika gani."

Anti Husseina ta yi magana ba tare da ta dube ni ba. Ta ce a takardun sauran ukun, awon farko yakan fi yawa, na biyu da na uku su ɗan sauka, don mutum yana ƙara natsuwa. A nawa babu wannan saukar. Kuma a awo na biyu da na uku da wuya lambata ta ƙare da sifiri, sai bakwai da uku, bakwai da uku. Mai ƙirƙirar lamba gudun sifiri yake yi, don yana ganin za a gane shi.

"Ni ban iya wannan lissafin ba," Dakta ta ce. "Nawa na tsofaffi ne. Gida goma sha huɗu, benayen Ardul Liwa babu lif, ga salla, ga abinci. Na ce ko dai yaron nan aljani ne, ko bai zauna ba. Aljani ne kai?"

"A'a, Dakta."

"Tamam, shi ke nan. To mun gama da wannan."

Ba ta sake tambayata komai ba. Ta juya wajen Anti Husseina, kuma abin da ya biyo baya shi ya sa nake wannan rubutu.

"Dakta, ba sai mun faɗa ba," Anti Husseina ta ce. "Sai in cire nasa in ce mutum ɗari huɗu muka samu. Wa zai sani? In suka ji an ƙirƙiri lambobi za su yanke tallafin. Aikina na Zariya na bar shi. Iƙamata ma, takardar izinin zamana a ƙasar nan, a kan wannan tallafi take."

"Na sani, ya binti, 'yata."

"To me za mu yi?"

"Za mu rubuta musu yau, kafin su tambaya. In kika ɓoye wannan, za ki ɓoye na gaba cikin sauƙi, kuma ni ce na koya miki. Ban sa hannu a takardarki don haka ba."

"In suka yanke fa?"

"In suka yanke, za mu zauna a ɗakin nan mu nemi wani. Zan ɓata miki takarda sau bakwai kamar Nata'ala. Yalla, maza kawo biro."

A gabana ta rubuta wasiƙar, ta fassara mana ita layi-layi. Sakin layi na farko nata ne: ita ce jagora, ita ya kamata ta tsara a riƙa komawa ana duba aikin masu awo, ba ta yi ba. Na biyu ya ce Husseina ce ta gano matsalar da iliminta na lissafi. Na uku ya nemi wata huɗu a sake awon. Sunana bai fito ko sau ɗaya ba. Ina zaune da ƙwallon dabino a hannu, na rasa inda zan ajiye shi.

Gidauniya ta amsa cewa ta dakatar da komai sai ta ga sabon awo. Na ɗauka korata za a yi. Dakta ta ce ba wanda ya san ƙofofin nan sai ni, don haka ni zan koma, kuma ita za ta raka ni.

Dakta, ke ce mai shekara sittin da uku da ciwon gwiwa wadda ta bi ni bene-bene har wata uku. Ke ce mai tsayawa a hawa na uku, ki dafa bango ki huta, ki ce mini, "Wuce, ina zuwa," in kasa wucewa. A kowace ƙofa ke kike fara magana, kuma abu ɗaya kike faɗa: "Ma'alesh, a yi haƙuri, mun yi kuskure a awon farko, mun dawo mu gyara." Mun yi, kike cewa. Sau ɗari da wani abu na ji wannan kalma, kuma ba ranar da ta yi mini sauƙi.

A hawa na biyar na wani gida akwai Mama Marta, 'yar Kafanchan mai dafa abincin sayarwa. Tana buɗe ƙofa ta gane ni.

"Ba kai ne wanda ya zo ya fita kamar an kunna masa wuta a wando ba? Ko ruwa ba ka sha ba!"

"Shi ne," in ji Dakta. "Yau zai sha."

"To madalla. Likita, ki riƙe masa riga."

Muka zauna mu uku. Dakta ta ɗora agogonta a kan tebur. Ban taɓa sanin minti biyar yana da tsawo haka ba. Ana jin hon ɗin tuk-tuk, keken haya mai ƙafa uku, daga ƙasa, tukunya tana tafasa a kicin. Da aka auna, jinin Mama Marta ya hau sosai, sau ukun duka. A tsohuwar takardata na rubuta mata lambobin mai lafiya, na sa hannu. Dakta ta dubi takardar, ta ninke ta, ta sa a jaka. Ta rubuta wa Mama Marta wasiƙar zuwa asibiti, ta tsaya tana yi mata bayanin gishiri da maggi har suka koma hira. Da muka sauko na jira ta yi mini faɗa. Cewa ta yi, "Gida na gaba ina ne?"

Cikin ɗari da casa'in mun samu ɗari da hamsin da ɗaya. Sauran sun tashi, wasu sun koma gida, wasu ba wanda ya san inda suka nufa. Anti Husseina ta sake lissafinta daga farko ta aika. Bayan sati shida amsa ta zo: za a ci gaba da tallafin. Amma watannin da suka tafi ba a maido su ba, dole ta yar da ɓangaren binciken da ya shafi mata masu ciki, wanda shi ne abin da ya fi damunta tun farko, don yayarta ta rasu a wajen haihuwa da hawan jini. Wannan ɓangaren ni na cinye shi a gidan shayi. Ba ta taɓa faɗa mini haka ba, amma na sani.

Ranar da amsar ta zo Dakta ba ta yi wani biki ba. Ta ce alhamdulillahi, ta ce wa Anti Husseina, "Yanzu kin zama mai bincike. A da ke mai lissafi ce kawai." Sai ta ɗauko takardar wani sabon ɗalibi ta buɗe jan biro.

Uwar masu lissafi, ta Mai Wurno, na gode. Na gode da kika ɗauki laifin da ba naki ba, ba tare da kin bar gaskiya ta faɗi ƙasa ba. Na gode da ba ki kore ni ba, ko da yake korar ta fi sauƙi gare mu duka. Gwiwarki da ta ƙara lalacewa a benayen nan, Allah ya saka miki da aljanna a kanta. Allah ya kawo zaman lafiya ƙasarki, ki koma ki huta a bakin kogin garinku kamar yadda kike fata.

Ku kuma manyanmu masu digiri, a nan Masar da can gida, akwai yara masu kaifin lissafi da ke son shiga aikin lafiya, abin da suka rasa kawai babba da zai tsaya musu. In kun sa hannu a takardar yaro, ku ware masa rana ɗaya a mako. In abu ya lalace, ku sa sunanku a sakin layi na farko. Kujerar Dakta za ta zama wayam ƙarshen wata, kuma akwai mutum biyu da ba su gama ba.

Har yau ban iya tsayawa gabanta na ce ta yafe mini ba. Duk lokacin da na buɗe baki sai ta aike ni wani wuri. Dakta ba ta karanta Hausar boko, da haruffan Larabci ta tashi, don haka Anti Husseina ta ce ita za ta karanta mata wannan a zaman Talata na ƙarshe.

Anti Husseina, idan kin zo wajen da na faɗi abin da na yi, don Allah kada ki tsallake.