Akushi Ɗaya, Amurkawa Biyu

Matso kusa, aje abin da ke hannunka, in ba ka labarin ranar da tuwona ya dawo daga zaure ko loma ba a yanka ba.

Ina amarya lokacin, wata huɗu da kawo ni Faskari daga Damari, saura 'yan shekaru a samu mulkin kai. Maigidana shi ne babban masu haƙar rijiya, shi ya sa da wasu baƙi biyu suka zo daga Amurka duba rijiyoyi, gidanmu aka kawo su cin abincin rana. Na leƙa ta ɓular zana. Ɗaya fari, wuyansa ja kamar tattasai. Ɗayan baƙi wuluk, ka rantse ɗan ƙauyen Tafoki ne aka sa wa wando da takalmi. Mota ɗaya ta kawo su, magana ɗaya suke yi ta hanci.

Surukata, wadda muke kira Inna, ta ce, "Ke 'yar Damari, yau za mu ga ko an koya maki tuƙi." Kowa ya san in kwanon baƙo ya dawo cike, amarya ta shiga bakin matan unguwa ke nan har ta yi jika. Na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka da man shanu, na zuba a babban akushi. Ɗaya mana! Baƙin da suka fito gari ɗaya, wa ke raba masu kwano? Ai zagi ne, kamar ka ce ba sa shiri.

Akushi ya dawo yadda ya fita, man shanu har ya daskare. Inna ta ɗaga faifai, ta dube ni, ta ce, "Halan a Damari ƙasa kuke tuƙawa?"

Yayan maigidana malamin elemantare ne a Ƙanƙara, shi ke yi masu tafinta. Na je na lafe bayan zaure. Turanci dai ban ji, amma Allah ya ba ni kunne, kuma Yaya yana juya wa maigidana kowace magana.

Maigidana ya tambaya ko tuwon ne bai yi ba. Farin ya ce a'a, ƙoshi ne kawai. Ƙoshi! Ina jin ƙugin cikinsa ta bayan bango. Sai kuma ya shiga wanke kansa ba wanda ya tuhume shi: wai abokin tafiyarsa mutumin kirki ne, wai a garinsu lafiya lau suke zaune da baƙaƙe, kowa da makarantarsa, kowa da wurin cin abincinsa, ba mai taka wani. Wai ma baƙar mace ce ta raine shi, yana sonta kamar uwa.

Da ya fita ɗauko gorar ruwansa a mota, baƙin ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Ku tambaye shi ko uwar tasa ta taɓa zama ta ci tare da su. Lafiyar da yake faɗi, shi kaɗai ke kwana cikinta. Har ya miƙa hannu, da ya ga nawa ya nufi akushin, ya janye. Yunwa nake ji, amma na gaji da cin abin da aka tashi aka bar mini."

Da gudu na kai wa Inna. Ta riƙe haɓa. "Mi? Sun ƙetaro teku cikin jirgi ɗaya, in ya nutse ruwa ɗaya za su sha, amma akushi ya gagare su? Tir! Ɗumama, ki raba masu. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa wannan abin kunya ba."

Na raba. Ba a jima ba kwanuka biyu suka dawo kamar an wanke. Mai ƙoshin nan ya siɗe nasa tas, har da neman ƙarin miya. Baƙin kuwa ɗaukar nasa ya yi, ya fita gindin ɗorawa inda masu haƙa ke hutawa, ya aje a tsakiya, hannu shida suka shiga. Yaya ya ce bai ga haƙoransa ba sai a wurin.

Inna ta juya kwanukan ta duba, ta ce, "'Yar Damari, ashe kin iya." Ita da kanta ta baza labarin a unguwa, kuma ba ni aka yi wa dariya ba. Shekara da shekaru, in 'yan'uwa biyu suka yi gaba a gidanmu, sai ta ce, "A raba masu kwano, Amurkawa ne."

An ce garinsu akwai gidajen da ke taɓa gajimare. Allah ya ƙara masu tsawo. Ni dai ban yi boko ba, ko Funtuwa sau biyu na je, to kai da ka yi karatu faɗa mini: hannun da ya tuƙa tuwon da farin ya siɗe, da hannun da ya ƙi haɗa kwano da shi, ba launinsu ɗaya ba?